Ina Dalar Gyaɗa Ta Tafi? Amsa Ga Mai Shirin Kai Mahaifinsa Kano

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel, wanda yake taɓa fataucin riɗi da wake idan kaka ta yi. Ya ce ya sha zuwa Kano, amma iyakarsa kasuwar Dawanau: a sauke kaya, a auna, a biya shi, ya juya gida. To, bana mahaifinsa, wanda ya yi dakon buhunan gyaɗa a Kano yana saurayi, ya matsa masa lallai sai ya kai shi ya sake ganin birnin tun yana da sauran ƙafa. Kwana biyu ke gare su, guzurin ma ba wani mai yawa ba. Tambayarsa ita ce, shin dalar gyaɗa tana nan? In ba ta nan, me ya rage na Kanon da wanda tsoho zai gani ya gane? Ina za su ci abinci irin na da? Kuma wane wasa ake yi wanda mutum zai iya zuwa kallo da mahaifinsa ba tare da jin kunya ba?

To, Malam, mun gode da takardarka, Allah Ya ja kwanan Baba. Bari mu fara da wadda ba ta da daɗin ji. Dalar gyaɗa babu ita, ko guda ɗaya. Kuma shawararmu ita ce ka gaya wa Baba haka tun kuna gida, kada ka bari sai kun sauka a tasha ya ce a kai shi Ƙofar Mazugal, ya tarar da shaguna da garejin motoci a inda ya san duwatsun buhuna. Tsoho in ya sa rai ga abu ya rasa, sauran tafiyar duk sai ta lalace masa.

Da yake kai manomi ne, ya kamata ka san abin da ya kawo ta da abin da ya tafi da ita. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911. Turawa da suka shimfiɗa ta auduga suke hange, don masaƙunsu na Ingila. Manoman Kano kuwa sai suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ta san jigawarmu, kuma in shekara ta ƙi ana iya cin ta, auduga kuwa ba a tuwo da ita. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgi har aka rasa inda za a sa ta. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC suna saye ta hannun attajiran gari, babbansu shi ne Alhassan Ɗantata na unguwar Koki, wanda ya rasu cikin 1955. Jirgi ba ya iya kwashe abin da aka saya a kaka ɗaya, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da taragai suka yi ƙaranci, don haka sai a jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi sama da tsini, a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. Dala guda takan ci buhu wajen 15,000, kuma kowane buhu a kan ɗan adam ya hau. Irin su Baba ke nan. Ba Kano kaɗai ba, kusa da ku ma an yi su a Malam Madori, a kan layin jirgin da ya tafi Nguru.

Abin da ya kashe ta ba guda ɗaya ba ne. Fari ya zo cikin 1973, mutane suka koma ga gero da dawa don ciki. Cikin 1975 kuma cutar nan da ke tsumburar da gyaɗa ta nannaɗe ganyenta, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta share gonaki a Arewa. Ga kuɗin man fetur ya shigo, hankalin gwamnati ya bar noma. Ga kuma masana'antun matse man gyaɗa a cikin gida suna shanye abin da aka noma, ba sai an tara shi ana jiran jirgi ba. Daga ƙarshe, cikin 1986, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Wato ko yau aka yi gyaɗa kamar ta da, ba za ka ga dala ba, don motoci na kwashe ta kullum. In Baba na son ya ga siffarta, ka ciro takardar naira 200, mai hoton Sardauna, ka juya bayanta: ga dalar buhuna nan tare da shanu da kayan gona. Ba wasa muke yi ba, duba ka gani.

Yanzu sai abin da ya rage, kuma da sauransa da yawa in an san inda za a nufa. Ka manta da sababbin gadojin sama da manyan kantuna, waɗannan ba su Baba ya zo gani ba. Ku shiga cikin birni, wato cikin ganuwa. A nan ne lunguna da sunayen unguwanni suke yadda ya bar su.

Ku fara da Gidan Makama da safe, kafin rana ta yi zafi. Yana daf da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki, kowane mai Adaidaita Sahu ya san shi. Ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan ajiye kayan tarihi ne. Akwai ɗan kuɗin shiga, ka tambaya a ƙofa ka karɓi takardar shaida. A ciki za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu ƙarfe, da sulke da lifidi da takubba, da kayan kiɗan sarauta, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Amma ni a ganina ginin kansa ya fi kayan cikinsa abin kallo. Ka ɗaga kai ka dubi yadda aka ɗaure rufin da azara, aka tanƙwara bakan gizo ba ƙarfe ba siminti, ka kuma ji sanyin ɗakin da tsakar rana. Mu mutanen karkara mun ɗauki ginin ƙasa abin kunya, kowa ya sami kuɗin riɗi sai bulo da kwano, sa'an nan watan Afrilu ya zo ya kwana a waje. Je ka ga abin da magina suka iya yi da tubali da makuba, har ya shekara ɗaruruwa ana yi masa yaɓe yana tsaye.

Daga nan ku tsaya a filin Ƙofar Kudu ku dubi Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, daga waje. Ba a kutsa kai ciki haka nan, sai da izini, kuma dogarai za su gaya muku iyakarku. Ta ɗaya gefen fadar ga babban masallacin Juma'a mai koriyar ƙubba, wanda aka gama ginin da ake gani yanzu cikin 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wannan Baba zai gane shi nan take. In tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, ku je da wuri, don da zarar sha biyu ta gota hanyoyin wajen sun cushe.

Wuri na biyu shi ne marinar Ƙofar Mata, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don ita ce sana'ar da ta fara fitar da sunan Kano tun ba a san gyaɗa kuɗi ce ba. Marinan wurin suna lissafa kafuwarta daga 1498. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, da ya sauka Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Buzaye har yau suna naɗa baƙin rawani mai ƙyalli irin wanda garin Kura ya yi suna a kansa, wanda shuninsa ke kama fatar mai shi.

Ga yadda aikin yake, don ka fahimci abin da kake kallo. Ramin rini zurfi gare shi kamar ƙaramar rijiya, an dalaye cikinsa don kada ruwa ya tsiyaye. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi, wato ragowar tsohon rini da aka kwashe daga gindin rami aka ƙona, sa'an nan a zuba baba. Sai a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsa shi da doguwar muciya, har kumfa mai shuɗi ta taso, wari kuma ya gaya wa marini cewa rini ya nuna. Abin mamakin shi ne, in aka tsoma farin ƙyalle aka ɗago, da fari kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Shi ya sa za ka ga marini yana tsomawa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa. Yawan tsomi shi ne duhun launi. Daga nan sai wajen masu bugu, waɗanda ke shimfiɗa tufa a kan gungume su yi ta dukanta da manyan sanduna har ta yi santsi tana walƙiya. Wannan ƙarar bugun, in Baba ya ji ta, za ka ga fuskarsa ta sauya.

Sai dai kada ka sa ran ganin kowane rami da mai shi. Da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su. Rinin kanti na garin sinadari ya fi sauri, atamfa da shadda na waje kuma sun fi arha, yara ba sa son gadon sana'ar da ke baƙanta hannu. Waɗanda suka rage, rabin cinikinsu daga baƙi masu zuwa kallo ne. Don haka in ka tsaya kallo, ko za ka ɗauki hoto da wayarka, ka yi sallama, ka nemi izini, ka ba da ɗan na goro. In da hali ka zo da tsohuwar farar rigar Baba da ta koɗe a rina masa ita a buga. Ka tambayi kuɗin da ranar karɓa tun kafin a tsoma.

In azahar ta yi, cikinku zai fara magana, kuma kuna kusa da inda ya dace. Abincin da za ka ci ka ce lallai na zo Kano shi ne gurasa, gidanta kuwa unguwar Jakara da kewayenta, inda mata ke yin ta a cikin gida tun kaka da kakanni. Ƙullun alkama ne ake kwaɓawa da yis a bari ya tashi, a hura wuta a cikin tanderu, wato wata babbar tukunyar ƙasa, in ta yi zafi a manna ƙullun a jikin bangonta ta ciki har ya gasu. Ana cin ta da miya, ana cin ta da tsire. Amma wadda 'yan birni suka fi so ita ce bandashe: a ɗan tsoma gurasar a ruwan ɗumi ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Ga tsohon da haƙora suka yi masa ƙaranci, babu kamarta, sai dai ka ce a rage yaji.

Ka lura, yawancin abincin ƙwalama na birnin Kano na alkama ne: gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, dubulan, taliyar murji. Dalili shi ne Larabawan Arewacin Afirka, fataken Gadamus da Tarabulus, da suka zauna a birnin shekaru aru-aru suna cinikin hamada. Sun bar sawunsu har a sunayen unguwanni. Alfindiki daga kalmar Larabci ce ta masaukin fatake, Alkantara kuma gada. Dandalin Turawa ma ba Turawan Ingila ake nufi ba, a da Larabawa ake kira Turawa. Haka in ka ji Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi, Agadasawa, kowace tana gaya maka mutanen da suka fara sauka a wurin. Ka bar Baba ya riƙa karanto maka su, wataƙila ya fi mai Adaidaita sanin hanya.

Game da inda za a ci, ga abin da za mu ce. Ba sai ka shiga gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ba, irin na Nassarawa da Bompai, inda farantin shinkafa ɗaya zai cinye muku kuɗin mota. Ka duba inda 'yan kasuwar wurin suke layi da kansu, abinci na fita da zafi ba ya kwana. Da safe koko da ƙosai, ko waina da miyar taushe. Da rana ɗanwake ko dambu. Ka tambayi farashi kafin a zuba, ba rowa ba ce, haka 'yan gari ma suke yi. Abu guda da za mu ja kunnenka a kai shi ne ruwa da fura. Cikin tsoho ba irin naka ba ne. Ku sha ruwan leda ko na gora, fura kuma in za a dama a dama a gabanku da ruwan da kuka yarda da shi, ban da ƙanƙarar da ba ku san asalinta ba. Da damina musamman, amai da gudawa ba ya raina baƙo.

Bayan kun ci, ga kasuwar Kurmi nan a gefenku. Ita ma tun zamanin Rumfa take. Kada ka je da tunanin Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, inda ake hada-hadar miliyoyi. Kurmi ta tsufa, lungunanta ƙunci gare su, mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Amma abin da ke cikinta ba ka samunsa a wani wuri a haɗe: layin 'yan sirdi da linzami da likkafa da duk kayan adon doki, layin dukawa masu alabe da zabira da gafaka da titimi, masu tandu na kwalli, masu akushi da ludayi da ƙoren da aka yi wa zane, masu kanwa da jar kanwa, masu turaren wuta, masu littattafan addini da allo da tawada. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, a cikin wannan kasuwa an sayar da bayi, 'yan adam kamar ni da kai, har zuwa lokacin da Turawa suka ci garin cikin 1903. Wannan ma tarihinta ne.

Kai ɗan kasuwa ne, ba sai mun koya maka ciniki ba, amma Kurmi tana da nata hali. Da kun shiga wani zai manne muku ya ce zai zaga da ku. Ba lallai mugu ba ne, dillali ne, la'adarsa kuwa a cikin kuɗin da za ka biya take. In kana son sa, ku yanke abin da za ka ba shi tun farko. In ba ka so, ka ce masa ka gode, kun san hanya. Sa'an nan duk wanda ya nuna maka takobi ko tasa ya ce ta shekara ɗari biyu, ka saye ta a kuɗin sabuwa ko ka bar ta. Maƙera sun iya tsufar da ƙarfe cikin mako guda. Jar fatar akuya da za ka gani, wadda ake jima a majemar Ƙofar Wambai, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can ayari ke bi da ita kafin ta isa gare su. Akuyar tamu ce, suna na wasu.

Dutsen Dala kuwa, mu yi magana ta gaskiya. A nan Kano ta fara. Maƙera ne suka zauna a gindinsa suna narka tama, a kansa kuma Barbushe ya yi tsafin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekara ta 999. An yi masa matakala ta siminti, in ka hau za ka ga birnin duka a ƙarƙashinka, ga ƙubbar masallaci, ga Goron Dutse can yamma. Amma hawan da wuya ga mai shekara tamanin. In gwiwar Baba ba ta da ƙarfi, ku tsaya a gindi ya kalla, ba dole. In za ku hau, ku hau da hantsi, lokacin da akwai jama'a. Kada ku je da magariba, kuma kada ka riƙe waya a hannu kana waige-waige. Ranar da dutsen ke cika maƙil ita ce ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Abin kallo ne, amma turmutsutsun ba na tsoho ba ne.

Rana ta biyu ku ɗauki mai Adaidaita guda ku yi jinga da shi ya zaga da ku ƙofofin gari, ya fi muku sauƙi da hawa-sauka. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013, don haka kada ka tsaya neman babur. Ganuwar, wadda Kanawa ke kira badala, Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Turawan da suka zo yaƙi cikin 1903 sun rubuta cewa kewayenta ya kai mil 11, tsayinta kuma ƙafa 30 zuwa 50. Ta Ƙofar Kabuga suka fasa suka shiga, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Yau mafi yawanta ta tafi. Ruwa ya ci wani, masu ɗiban ƙasar gini sun ci wani, masu yanka filaye sun cinye sauran. Ƙofofin ma yawancinsu an rushe an sake su da siminti don faɗaɗa titi, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa cikin 2010. Inda za ku fi ganin ragowarta shi ne ta kan titin da ya bi ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya ya nufi tsohuwar Jami'ar Bayero. Ku tsaya ku sauka Baba ya dafa ta da hannu. Abin da ya rage bana ba lallai ne jikokinsa su tarar da shi ba.

Daga nan sai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan ƙasa mai zanko da zane a bango, inda wani Bature mai suna Hanns Vischer ya zauna. Shi ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa, a nan Nassarawa, cikin 1909, iya Hausarsa kuma ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar, kuma wurin da ya dace ke nan ka tambaya ko 'yan rawar Koroso suna da wasa a kwanakin da kuke gari. In Baba ɗan NEPU ne ko PRP a zamaninsa, to kada ka bar shi ya koma bai leƙa gidan Mambayya a Gwammaja ba, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu cikin Afrilun 1983. Ɗakinsa da 'yan kayansa suna nan an adana, kabarinsa ma a gidan yake. In kuma kun taho da jikoki, gidan zu na Audu Baƙo yana nan tun farkon shekarun 1970.

Sai batun wasa. Baba zai tambaye ka silima, don samarin zamaninsa in an biya su kuɗin dako can suke ƙarewa. Rex ce ta fara, cikin 1937, daga baya aka yi su Palace da Plaza da Eldorado da Orion. Yawancinsu fili ne da katanga ba rufi, sai duhu ya yi a haska fim ɗin Indiya ko na kaboyi, 'yan kallo na ihu suna gaya wa jarumi ga mugu nan bayansa. Tsofaffi kuma ba su manta gobarar silimar El Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci mutum fiye da 300. Wannan zamani ya wuce. Bidiyo ya shigo gida, finafinan Hausa suka fara da Turmin Danya cikin 1990, daga baya waya ta shigo aljihu, tsofaffin silimun kuma aka rufe su ko aka mai da su wani abu dabam. Abin da ya gaje su shi ne gidan kallon ƙwallo, wanda ba na jin zai burge Baba.

Wasan da za mu ce ka kai shi shi ne dambe. Shi bai mutu ba, sai ma ƙara kasuwa da ya yi, har ana ɗaukarsa ana sawa a intanet duniya na kallo. Ana yin sa da la'asar zuwa magariba, kowane mahauci ko mai Adaidaita zai gaya maka gidan damben da ke ci a lokacin. Har yanzu ɓangarori uku ne, Kudu da Jamus da Guramada, har yanzu da zare ake naɗe hannu, makaɗa na zuga, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. Wanda ya taso yana jin Ɗan Anace na wasa Shago a rediyo zai ji kamar an mai da shi gida. Ku biya kuɗin kujera ku zauna nesa da masu caca, ku kuma fito kafin a tashi gaba ɗaya, don a turereniyar fita ne 'yan sane ke aiki.

Na san wani zai ce, ai babban kallon Kano hawan Sallah ne. Haka ne: hawan Idi, kashegari hawan Daushe, sai hawan Nassarawa, sai na Ɗorayi ko Fanisau. Cikin Disambar 2024 ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. To amma rikicin sarautar Kano ya sa 'yan sanda sun hana hawan a Babbar Sallar 2024, haka kuma a sallolin 2025. Don haka kada ka ɗauko tsoho takanas don hawa sai ka ji sanarwa a rediyo da kunnenka cewa za a yi.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyarku shi ne bayan kaka, kuɗi na hannu, rana ta yi sauƙi, sai dai ka taho wa Baba da bargo da abin rufe hanci saboda ƙurar hunturu. Ka guji isowa da safiyar Asabar ta ƙarshen wata, don akan tsayar da zirga-zirga na 'yan sa'o'i saboda tsabtace gari. Kuɗinka kuma kada ka tara su a aljihu guda: ka bar mafi yawa a asusu, ka riƙa cira kaɗan-kaɗan a wajen masu POS, ka ƙirga a gabansu. Masauki kuwa, in kana da maigida a Dawanau wanda kake sauke wa kaya, shi ya fi cancanta ka gaya wa tun da wuri cewa da mahaifinka za ka zo. Zai fi ka sanin ɗakin da ya dace da dattijo, kuma ku riƙa komawa masauki da an yi isha'i.

Tsarabar mutanen gida kuma, ku biya Agadasawa ku sayi kilishi a inda ake shanya shi, ku ɗanɗana kafin a naɗe, ku duba ya bushe ƙayau ba danshi, don mai danshi ba ya kai kwana uku a leda. Alkaki da dubulan suna jure hanya, ga su da arha a wajen matan cikin birni. Gurasa ce kawai ba ta son jira. In za ku tafi da ita Gumel, ku saye ta da safiyar ranar da za ku hau mota.